Famfon mai biyu a motar ɗalibi: ku ji abin da ya kusa faruwa da mu

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu.

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman masu mota da masu shirin saye, har ma da waɗanda ba su da ita amma suna shiga ta abokai in za a tafi gida hutu. Na nemi izinin mai motar kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in kama suna. To ba zan kama ba.

Akwai wani ƙaninmu a nan Ibadan, yana aji uku. Yayansa ne ya bar masa Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD. Yaro ne mai son mota ƙwarai, in ka leƙa wayarsa ba abin da za ka gani sai bidiyon Amurkawa da Japanawa masu ƙara wa mota ƙarfi. Ya canja salansa ta koma mai ƙara, ya cire akwatin filtar iska ya sa irin buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari, ya sa rim masu ƙyalli. Ni dai ban ce masa komai ba, kowa da abin da yake so.

Kwanakin baya sai motar ta fara shaƙewa. In ta yi zafi, ya zo hawan Mokola ya taka totur, sai ta riƙa fizga kamar za ta mutu. Ya kai ta gareji. Bakaniken ya kasa kunne, ya taka totur sau biyu, ya ce ai tunda an buɗe wa inji numfashi, famfon mai ɗaya ba zai iya ciyar da shi ba, sai an ƙara na biyu. Maganar ta yi wa yaron daɗi, don ta yi daidai da abin da yake gani a bidiyo. Nan take aka yanka layin mai a ƙarƙashin mota, aka saka wani famfo a tsakiya, aka haɗa da guntun tiyo da kilif, aka jona wutarsa a jikin wayar famfon asali. Fis ya ƙone. Aka canja, ya sake ƙonewa. Sai mai wayarin ya ce a bar wannan layin, ya jawo wuta kai tsaye daga wayar makulli, ba fis ba rile.

Gaskiya shaƙewar ta ragu. Amma sai motar ta fara shan mai kamar tirela, salansa tana baƙin hayaƙi, fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Ya ce mini, "Yaya, ai haka motar da aka ƙara wa ƙarfi take." Na yi dariya kawai na wuce. Wannan dariyar tana damuna har yau, don ya kamata a ce tun ranar na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar.

Ranar wata Juma'a da daddare mu huɗu muka je Sabo cin tuwo. A hanyar dawowa muka shiga gosulo, sai inji ya mutu. Makulli yana kunne, ni ina zaune a baya, sai na ji wani abu yana ta kuka a ƙarƙashin kujera, zuuu, bai tsaya ba. Sai warin fetur ya cika motar. Na ce masa ya zare makulli, kowa ya fita. Da muka haska fitilar waya, fetur ne ya yi feshi daga wurin da aka ɗaure tiyon, ya jiƙe ƙarƙashin motar, har yana ɗiga kusa da bututun salansa mai zafi. Can gefen titi kuma ga wata mata tana gasa masara a kan garwashi. Wallahi ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Muka cire kan batir, muka tura motar gaba da hannu, muka roƙi masu shago suka ba mu yashi muka zuba a inda man ya zube. Allah ne kawai Ya tsare.

Tun daga ranar nake bincike a tsakanin 'yan uwanmu, sai na gano ba shi kaɗai ba ne. Wasu an riga an yi musu, wasu suna tara kuɗin yi kafin tafiya gida. Shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina a fili: ƙara famfo na biyu a kan tsarin man da kamfani ya yi wa mota, ba tare da an canja waya da tiyo da regileta ba, ɓarnar kuɗi ce a mafi yawan motocinmu, kuma wasa ne da gobara. Karatuna na digiri na biyu a ɓangaren injiniya ne, amma abin da zan faɗa ba ya buƙatar digiri, lissafi ne da kowa zai iya bi.

Mu fara da tambayar da ya kamata a yi a garejin: nawa ne man da injin yake buƙata? Masu harkar injin fetur suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi. Injin da ba shi da turbo, in an take shi har ƙasa, kowane ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan lita 0.3 a awa. Injin EOD mai silinda huɗu, lita 2.4, ƙarfinsa wajen doki 160 ne. Ka ninka, za ka samu kusan lita 50 a awa, kuma wannan sai in ƙafarka tana manne da ƙasa tsawon awar, abin da ba wanda yake yi tsakanin Ojoo da Dugbe. Famfon da kamfani ya sa an yi shi ne ya ba da fiye da haka, da rara a kai. To salansa da filtar iska fa? Mu ɗauka ma sun ƙara doki goma, wanda da wuya. Lita uku ke nan a awa. Saboda lita uku ne za a yanka layin mai?

Shahararren famfon nan da ake yawan ambata a bidiyo, Walbro 255, sunansa ma daga aikinsa ya samo: yana tura kusan lita 255 a awa. Shi kaɗai ya ninka buƙatar EOD sau biyar. Waɗanda kuke gani suna sa biyu, motocinsu irin su Toyota Supra ne, da Mitsubishi Evo, da Ford Mustang, waɗanda aka ɗora wa manyan turbo har ƙarfinsu ya kai doki ɗari shida, ɗari takwas, wasu dubu. Da yawansu kuma ba fetur zalla suke sha ba, suna amfani da E85, man da mafi yawansa etanol ne, wanda inji ke buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari nasa kafin ya yi aikin da fetur zai yi. Mu ba a sayar da shi a gidajen manmu. Sannan in ka kalli bidiyon da kyau, ba famfo kaɗai suke ƙarawa ba. Suna canja layin kai mai da na dawo da shi zuwa masu faɗi, su sa manyan nozul, su sa regileta da ake iya saitawa, su ja sabuwar waya mai kauri daga batir da fis ɗinta da rile ɗinta, kowane famfo da nasa. Wasu har suna sa wani makunni da ba ya tayar da famfo na biyu sai turbo ya fara hura iska. A ƙarshe su ɗora motar a kan na'urar gwaji su sake saita kwamfutarta. Mu kuma sai mu tsinci abu ɗaya a cikin goma, mafi araha, mu ce mun yi irin nasu.

Akwai kuskuren fahimta da ke ƙarƙashin wannan duka, wato tunanin cewa ƙarin mai shi ne ƙarin ƙarfi. Inji yana ƙona mai ne gwargwadon iskar da ya shaƙa. A lissafin fetur, kilo ɗaya na mai yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ce ke auna iskar, ta buɗe nozul na ɗan lokacin da ya dace. Aikin famfo kawai ya ajiye mai a bakin nozul a kan matsin da aka tsara, wanda a irin motocinmu yake tsakanin bar 3 zuwa 4. In iskar ba ta ƙaru ba, duk man da ka ƙara asara ne. Kamar mai tuwo ce ta ninka ruwa ba ta ƙara gari ba.

Yanzu ga abin da ya faru a motar ƙaninmu. Tsofaffin motoci masu nozul suna da layi biyu: ɗaya yana kai mai inji, ɗaya yana dawo da rarar tanki, regileta tana can wajen inji. Amma yawancin Honda da Toyota da aka yi daga farkon shekarun 2000, har da EOD, layi ɗaya gare su. Famfo da filta da regileta duk suna cikin tanki a haɗe, rarar mai a can take komawa. Ka ga ke nan in ka yanka layi a ƙarƙashin mota ka sa famfo, ka sa shi ne a gaban regileta, inda ba ta da iko da shi. Yana karɓar man da aka riga aka matsa, ya ƙara masa nasa matsin, kuma babu hanyar da rarar za ta bi ta koma. Lokacin da inji ke tsaye a gosulo yana shan mai kaɗan, a lokacin ne matsin ya fi hawa. Nozul kuwa in matsi ya ninka, man da take fesawa yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Birenbos za ta yi ƙoƙarin ragewa, amma tana da iyaka, in ta kai iyakar sai ta kunna fitila. Da aka sa wa motar na'urar bincike daga baya, lambar da ta nuna ita ce P0172, ma'ana mai ya yi wa inji yawa. Daga nan ne baƙin hayaƙin yake, da fulogi da suka yi baƙi ƙirin. Man da bai ƙone ba kuma yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Da muka zaro sandar gwajin baƙin man, warin fetur take yi. Da an ci gaba a haka, ringi da metal ne za su biya.

Ko motarka mai layi biyu ce, ba ka tsira ba. Layin dawowa da regileta an yi su ne daidai da famfo ɗaya. In ka tura musu ninki biyu, ba za su iya mayar da rarar da sauri ba, matsi ya hau. Sannan man yana ta zagaye tsakanin tanki da inji mai zafi, yana ɗumama, ga zafin famfo biyu a kai. Fetur in ya yi zafi yana saurin zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. A zafin watan Maris ko Afrilu a hanyar Mokwa, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da kai.

Sai maganar wuta, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Irin waɗannan famfunan kowanne yana jan wajen amf 8 zuwa 10, manyan ma sun fi haka. Wayar da kamfani ya ja zuwa tanki, da fis ɗinta, da rile ɗinta, an auna su ne don famfo ɗaya. Ƙa'idar da muka koya tun sakandare tana nan: in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da wayar ke yi yana ninka huɗu. Wayar nan kuma ta ƙarƙashin kafet take bi, ta gefen kujera, har kan tanki. Fis da ya ƙone sau biyu aikinsa ya yi, yana gaya maka ne kaya sun yi wa layin yawa. Amma me muka saba yi? A sa babban fis, ko a naɗa siririyar waya a gurbinsa, ko a kauce masa gaba ɗaya. Daga ranar da aka yi haka, wayar motar ce ta zama fis, kuma ita in za ta ƙone ba ta ƙonewa ita kaɗai.

Akwai wani tsaro da mutane da yawa ba su san yana jikin motarsu ba. Ka gwada gobe da safe: murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. A Honda za ka ji famfo ya yi kuka na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. Birenbos ce ta kashe shi, kuma ba za ta sake kunna shi ba sai ta ga inji yana juyawa. An yi haka ne saboda haɗari. In mota ta yi karo ko ta kife, inji ya mutu, direba ya suma makulli yana kunne, famfo zai tsaya da kansa. Wasu motocin Ford ma har da wani makunni na daban da ke yanke wutar famfo in an bugu da ƙarfi. Famfon da aka jona a wayar makulli bai san da wannan ba. Zai ci gaba da aiki muddin makulli yana kunne kuma akwai man da yake iya ja. Kukan da na ji a ƙarƙashin kujera ke nan daren nan. Ku yi tunanin a ce ba gosulo ba ne, taya ce ta fashe mana a hanyar Ilori muka faɗa rami.

Tiyon ma abin dubawa ne. Ba kowane baƙin tiyo ne na fetur ba, kuma ba kowane na fetur ne ke ɗaukar matsin motar nozul ba. Akan rubuta lambarsa a jikinsa. SAE 30R7 na ƙaramin matsi ne, irin na motocin kafireto. 30R9 shi ne na motar nozul. Wanda za a tsoma a cikin tanki kuwa sai 30R10, don sauran cikinsu kaɗai ke jure fetur, bayansu kumbura yake yi ya ruɓe. Wanda aka sa wa ƙaninmu ko rubutu babu a jikinsa. Fetur kuma ba ya jiran zafi kafin ya kama, tururinsa yana iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya sami wuta inda take. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar mai, bai bar zukatanmu ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.

To mene ne ainihin ciwon motar? Washegari muka ja ta zuwa wani gareji daban, wurin wani bakanike da ke da geji na auna matsin mai. Ya cire famfon da aka ƙara, ya gyara layin, ya ɗaura geji. A tsaye matsi yana nan daidai, amma da an taka totur sai allura ta faɗi. Da aka fito da famfon cikin tanki, rariyar da ke bakinsa ta toshe da datti kamar laka, famfon kansa ya gaji. Aka wanke tanki, aka sa sabon famfo guda ɗaya da filta, aka canja fulogi da baƙin mai. Yanzu tana hawa Mokola lafiya lau, da salansarta mai ƙara da komai. Famfo na biyun bai warkar da komai ba, zuƙo man yake yi da ƙarfi ta cikin toshewar, shi ya sa aka ga kamar an samu sauƙi.

Dalilin toshewar ma mun san shi, kuma duk muna ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wane ɗalibi ne ke cika tanki? Na dubu uku, na dubu biyar, kullum fitilar mai a kunne. Alhali famfon cikin tanki da man yake samun sanyi, in tanki ya kusa ƙafewa yana zafi, a kwana ko a hawa kuma ya riƙa zuƙar iska. Ga sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu lokacin wahalar mai, wanda ba ka san me ya shiga cikinsa ba. Ko na gidan mai ma, kun tuna watan Fabrairun 2022 da hukumomi da kansu suka sanar an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa. Irin waɗannan ne ke kashe famfo a ƙasar nan. Ƙara wani a kai ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu.

Na san akwai masu hujja, kuma ba zan raina ta ba. Wani abokina da muka yi gardama ya ce shi ba don gudu ya sa ba, don tsaro ne. Daga nan zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita dubu. In famfo ya mutu maka a dajin da ke tsakanin Mokwa da Tegina da yamma, a halin da hanyoyinmu ke ciki, ba maganar kuɗin gyara ake yi ba, maganar rai ce. Don haka ya sa na biyu da makunni a gefen sitiyari, in ɗaya ya mutu ya kunna ɗaya. Tsoronsa gaskiya ne, ni ma ina jin sa duk lokacin da zan hau hanya. Amma a duba yadda aka yi aikin. In famfon ajiyar yana kan layi ɗaya da na asali, to duk lokacin da yake kashe ya zama shinge, na asalin sai ya yi ta wahalar tura mai ta cikinsa, ya gaji da wuri. Ranar da na asalin ya mutu kuma, na ajiyar zai ja mai ne ta cikin mataccen famfo da rariyar da wataƙila ita ce ta toshe tun farko. Sannan kowane yanka da aka yi a layi sabon wurin yoyo ne, a mota mai tsalle a ramukan hanyar Jebba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na kai maganar wurin wani dattijon direba a Sabo, wanda ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin nan da Arewa. Na ce, "Baba, ku yaya kuke yi da tsoron mutuwar famfo a hanya?" Ya ce, "Ɗana, ai sai ka sayi mai kyau guda ɗaya ka naɗe a leda ka jefa a but, da fis da rile. In ya mutu, kowane gari akwai bakaniken da zai ɗaura maka. Kuma famfo ba ya mutuwa bai yi maka sallama ba, sai dai in ba ka saurara." Gaskiyarsa. Kukansa yana canjawa, mota tana jinkirin tashi, tana shaƙewa a hawa. Wanda ya ji waɗannan ya je aka auna kafin tafiya ya fi mai famfo biyu kwanciyar hankali.

Wani kuma ya ce ai akwai motocin da kamfani da kansa ya sa wa famfo biyu. Haka ne. Motocin zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da na lantarki a tanki, da wani a jikin inji da ke ɗaga matsi sama da bar 100. Wasu Land Cruiser masu tanki biyu suna da famfon da ke kwaso mai daga ƙaramin tanki zuwa babba. Tsofaffin Volvo ma suna da ƙarami a tanki da babba a ƙarƙashi. Amma duk waɗannan tun a takarda aka zana su haka, aka auna waya da bututu da komai daidai da su. Ba adadin famfon nake faɗa da shi ba, ina faɗa ne da a ɗora shi a kan tsarin da ba a yi don shi ba. In da gaske kana da motar da aka sa wa turbo, ka yi lissafi ka ga famfon asali ya gaza, to mataki na farko shi ne famfo ɗaya mai girma a cikin tanki, da sabuwar waya da rile wanda birenbos ce ke kunna shi. In har sai biyu, ka shirya canja tsarin gaba ɗaya. In kuɗinka bai kai ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada wani ya ɗauka ina zagin kanikawa ne, ko ina cewa na Kudu ne ke da wannan hali. A gida ma haka ake yi, kuma wanda ya gyara mana motar shi ma bakanike ne a garin nan. Laifin rabi namu ne. Mu ne muke zuwa da bidiyo a waya mu ce ga abin da muke so. Mu ne muke ƙin biyan kuɗin gwaji, mu fi son wanda zai faɗa mana ciwo da kunne. Mu da ake kira masu ilimi, in ba mu tambayi "nawa geji ya nuna?" ba, wa zai tambaya?

Kuma mu tuna motar ɗalibi ba tasa ba ce shi kaɗai. In hutu ya zo, mutum huɗu ko biyar ne ke haɗa kuɗin mai su shiga, har da ƙannenmu mata da iyayensu suka yarda da mu suka ce su biyo mu. Ba wanda ke leƙa ƙarƙashin mota kafin ya zauna. Amana ce suka ba ka. A hostel kuma motarka tana kwana ne a tsakiyar motocin mutane, kusa da janareto. Muna garin mutane, nesa da iyayenmu, in wani abu ya faru ba mu da mai tsaya mana nan kusa. Tawakkali ba ya hana bin sababi.

Ga abin da nake roƙo, a taƙaice:

1. In mota tana shaƙewa, a ɗaura geji a auna matsin mai a tsaye da kuma in an taka totur, kafin a sayi komai.
2. In fis ya ƙone sau biyu, a nemi dalili. Kada a yarda a sa wanda ya fi shi girma ko a naɗa waya.
3. In an riga an ƙara maka famfo, murɗa makulli ka saurara. In bai yi shiru ba bayan 'yan daƙiƙu, kada ka ɗauki kowa a motar sai an cire shi.
4. A yi ƙoƙari kada tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, ko da kuwa da wahala. Ya fi sayen famfo arha.
5. Mai tafiya gida ya riƙe famfo na ajiya da fis da rile a but, da tukunyar kashe gobara mai aiki, ba wadda ake ajiyewa don nuna wa 'yan Rod Sefti kawai ba.
6. In ka ji warin fetur a cikin mota, ka kashe, ka zare makulli, kowa ya fita, sannan a yi magana.

Duk wanda ke nan Ibadan da aka yi wa irin wannan aikin, ko yake shakkar wayarin motarsa, ya same ni bayan sallar Juma'a mu leƙa tare kafin a fara tafiya hutu. Ba kuɗi zan karɓa ba, kuma ba zan yi wa kowa dariya ba, na riga na yi sau ɗaya na ga inda ta kusa kai mu. Ku tura wa 'yan uwanmu na Legas da Fatakwal da Benin da Inugu.

Allah Ya tsare mu da tsarewarSa, Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Amin.